Chrome, Firefox, Brave ko Opera Mini: Wace burauza ce ke tsare mutum, wacce ce ke riƙe sirrinsa?

Yawancin masu wayar salula ba su taɓa zama sun zaɓi burauza ba. Wadda suka tarar a ciki ranar da aka ɓare wayar daga kwali, ko wadda mai ɗura manhajoji ya saka musu a kasuwa, da ita suke shiga intanet har wayar ta gama yayinta. A cikinta ake duba sakamakon JAMB, a cike fom ɗin neman aiki, a rubuta lambar NIN da BVN, a biya kuɗin makaranta, a kuma nemi bayani kan ciwon da mutum ke jin nauyin faɗa wa likita. Da wuya a samu wata manhaja a waya da ke ganin abin da burauza ke gani.

Duk da haka, idan ana kwatanta burauzoji a majalisa, tambayoyi biyu ne ke tasowa: wacce ta fi sauri, wacce kuma ta fi rage cin data. Tambayoyi ne masu ma'ana, musamman tun da Hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Sai dai akwai wasu biyun da suka fi su nauyi. Wacce za ta hana ɓarawo shigowa? Wacce za ta riƙe amanar abin da ta gani? Burauzar da ta yi fice a ta farko ba lallai ta yi fice a ta biyu ba, kuma rashin bambance su ne ke sa mutane da dama zaton a rufe suke alhali a fili suke.

Tsaro daban, sirri daban

Tsaro shi ne kare waya daga masu kutse da 'yan damfara: shafin bogi da ya yi shigar banki, ko shafin da zai cusa wa waya muguwar manhaja. Sirri kuwa shi ne hana a tattara labarin mutum: me ya karanta, me ya nema, a ina yake, da wa ya yi hulɗa.

Ana iya samun maigadi ƙaƙƙarfa wanda ɓarawo ba ya ko kusantar gidan da yake gadi, amma yana da littafin da yake rubuta duk wanda ya shiga da wanda ya fita, yana kai wa wanda ya ɗauke shi aiki. Ana kuma iya samun maigadi mai kame baki, amma barci yake yi a bakin ƙofa. Na farkon ya ba da tsaro bai ba da sirri ba, na biyun ya rufa asiri ya bar ƙofa a buɗe. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna kowace burauza.

Wani abin lura kafin a shiga kwatance shi ne, sunayen suna da yawa amma injinan uku ne kacal. Chrome da Edge da Brave da Opera da Samsung Internet duk a kan tushe ɗaya aka gina su, wato Chromium, wanda Google ke jagorantar aikinsa. Firefox na da nata injin mai suna Gecko. Safari na amfani da WebKit na Apple, kuma a wayar iPhone kowace burauza, ko da sunanta Chrome ko Firefox, WebKit ne a cikinta, in ban da inda doka ta tilasta wa Apple buɗe ƙofa, kamar a ƙasashen Tarayyar Turai a 2024. Saboda haka bambancin da ke tsakanin yawancinsu yana ga abin da kowane kamfani ya ƙara, da abin da ya cire, da kuma inda yake samun kuɗinsa.

Chrome: Ƙaƙƙarfan maigadi mai littafi

Chrome ta fito a 2008, kuma a yau kusan kashi biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya da ita suke amfani. A fannin tsaro, adalci shi ne a ce tana sahun gaba. Google na fitar da sabon zubinta a kai a kai, kuma tun daga 2023 yake fitar da gyaran tsaro kowane mako. Yana biyan masu bincike lada idan suka gano ɓaraka suka sanar da shi, ladan da a 2024 ya ɗaga mafi girmansa zuwa dala 250,000. Jan allon gargaɗin da kan bayyana idan mutum zai shiga shafin damfara daga tsarin Safe Browsing na Google yake fitowa, kuma har Firefox da Safari da Brave suna dogaro da shi.

Chrome ce kuma ta fara killace kowane shafi a ɗakinsa, ta yadda mugun shafi ba zai leƙa abin da ke cikin shafin bankin da ke buɗe kusa da shi ba. Ta fara wannan a kwamfuta a 2018. Da aka kawo shi Android a 2019, an taƙaita shi ga wayoyin da RAM ɗinsu ya kai gigabait 2, da kuma shafukan da ake shigar da kalmar sirri. Ke nan mai ƙaramar waya ba ya samun cikakkiyar kariyar da mai babba ke samu, ko da sunan burauzarsu ɗaya ne.

Matsalar Chrome tana wajen sirri, kuma ruwa ba ya tsami banza. Alphabet, uwar kamfanin Google, ya samu kuɗin shiga dala biliyan 307 a 2023, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu daga talla suka fito. Talla kuwa tana tsada ne gwargwadon yadda aka san wanda za a nuna wa ita.

Babban makamin bin sawu shi ne kukis na baƙi. Kukis ƙananan bayanai ne da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane mutum idan ya dawo, kuma su ne ke sa ba sai an sake rubuta kalmar sirri a kowane buɗewa ba. Na baƙi kuwa kamfanonin talla ne ke ajiye su ta cikin shafukan wasu. Idan kamfani ɗaya yana da ido a shafin labarai da na sayayya da na lafiya, zai iya haɗa su ya san cewa mutum ɗaya ne ya ziyarce su duka. Shi ya sa wanda ya duba farashin takalmi da safe zai ga tallan takalmin na bin sa har dare.

A watan Janairun 2020 Google ya yi alƙawarin kawar da irin waɗannan kukis daga Chrome cikin shekara biyu. Ya ɗaga lokacin sau da dama, a Yulin 2024 ya ce ya fasa, sannan a Afrilun 2025 ya ce ko allon tambayar da ya yi niyyar nuna wa masu amfani ma ba zai fito da shi ba. Har yanzu mai Chrome zai iya toshe su, amma sai ya shiga saiti da hannunsa, kuma ƙalilan ne ke yin hakan. Bugu da ƙari, kusan duk mai Android yana cikin asusunsa na Gmail, don haka abin da ya bincika na iya taruwa a ƙarƙashin sunansa.

Incognito ba layar zana ba ce

Mutane da yawa na buɗe Incognito suna ganin sun ɓace. Aikinta guda ne: idan an rufe, ba ta barin tarihin shafuka da kukis a cikin wayar. Tana da amfani ga mai aron waya, ko mai zama a kwamfutar shagon buga takardu. Amma kamfanin layin waya, da mai Wi-Fi na ofis ko makaranta, da shafin da aka shiga, duk suna ganin an zo.

A 2020 wasu Amurkawa suka maka Google a kotu suna neman diyyar dala biliyan 5, bisa zargin yana ci gaba da tattara bayanansu suna cikin Incognito. An yi sulhu a ƙarshen 2023, kuma takardun da aka gabatar wa kotu a Afrilun 2024 sun nuna kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma sauya rubutun da ke fitowa a allon Incognito don ya fayyace iyakar aikinta. Haka irin wannan yanayi yake a sauran burauzoji, ko da wane suna aka ba shi.

Masu riƙe sirri, da tabon kowacce

Safari ta ƙara matsa wa masu bin sawu a 2017, kuma tun Maris ɗin 2020 take toshe kukis na baƙi gaba ɗaya ba tare da an taɓa saiti ba. Ga mai iPhone wannan ya wadatar a harkokin yau da kullum. Sai dai Apple ma yana cin moriyar kasuwar: shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google ta bayyana cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 domin ya kasance injin bincike na farko a Safari.

Firefox ta fito a 2004 a ƙarƙashin Mozilla, wadda gidauniya ce ke mallakarta. Tun 2019 take toshe sanannun masu bin sawu da kanta, a 2022 kuma ta ƙara tsarin da ke kulle kukis na kowane shafi a tulunsa, ta yadda ba za a bi mutum da su zuwa wani shafin ba. Tana da wata fa'ida ga mai Android: ana iya liƙa mata ƙananan manhajoji irin su uBlock Origin mai toshe talla da 'yan leƙe, abin da Chrome ta waya ba ta yarda da shi ko kaɗan. A fannin tsaro kuwa ta biyo bayan Chrome ne, domin sai a ƙarshen 2021 ta kawo killace shafuka a kwamfuta. Sannan fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigar Mozilla daga yarjejeniyar bincike da Google suke fitowa. A farkon 2025 ma ta sha suka lokacin da ta fitar da sababbin sharuɗɗan amfani ta kuma cire kalaman da ke cewa ba ta sayar da bayanan mutane, har sai da ta fito ta yi ƙarin bayani.

Brave ta fito a 2016 ta hannun Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiro yaren JavaScript kuma yana cikin waɗanda suka kafa Mozilla. Da yake a kan Chromium take, ta gaji yawancin tsaron Chrome, sannan tana toshe talla da masu bin sawu tun daga buɗewar farko. A 2020 Farfesa Douglas Leith na Trinity College da ke Dublin ya auna bayanan da burauzoji shida ke aika wa kamfanonin da suka ƙera su. Brave ce ta fi kame baki, Chrome da Firefox da Safari suka zo tsakiya, Edge ta Microsoft da Yandex ta Rasha suka zo ƙarshe, saboda suna aika lambar da ke da alaƙa da na'urar kanta. Amma a wannan shekarar ne kuma aka kama Brave tana ƙara lambar samun kamisho a adireshin wasu shafukan kuɗin kirifto, ciki har da Binance, ba da sanin masu amfani ba. Eich ya ba da haƙuri aka cire. Har yanzu tana ɗauke da nata tsarin talla da kuɗin kirifto, wanda mutum zai iya barinsa a kashe.

DuckDuckGo ma ta yi suna da kare sirri, kuma tana da sauƙin sha'ani: maɓalli ɗaya ke goge komai. A Mayun 2022 wani mai bincike ya gano tana ƙyale wasu masu bin sawu na Microsoft saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Ta gyara a watan Agustan shekarar bayan surutu ya yi yawa.

Babu wadda ta fita fes a cikinsu. Amma akwai tazara tsakanin kamfanin da aka kama da kuskure ya gyara, da wanda tushen arzikinsa shi ne sanin mai amfani.

Ko an toshe kukis ma, da sauran rina a kaba. Shafi na iya gane waya ta hanyar haɗa ƙananan alamominta: samfurinta, girman allonta, harshen da aka saita, lokacin ƙasa da makamantansu, kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa. Tun a 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka ta gwada burauzoji kusan rabin miliyan ta tarar fiye da kashi 80 cikin 100 ana iya ware su ɗaya bayan ɗaya. Brave na rikita waɗannan alamomi, Firefox na toshe sanannun masu yin hakan, amma babu wadda ta kashe matsalar baki ɗaya.

Masu rage cin data: Da me ake biya?

Nan ne maganar ta fi shafar masu waya a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu. Opera Mini ta yi wa miliyoyin mutane rana tun zamanin wayoyin Nokia masu maɓalli, lokacin da megabait ɗaya abin tattali ne. Dabararta ita ce, maimakon waya ta ɗauko shafi kai tsaye, sai manyan kwamfutocin Opera su ɗauko shi, su matse shi, su turo ɗan ƙarami. A yanayin tsimi mafi tsanani, kamfanin ya ce ana iya rage data da kusan kashi 90 cikin 100.

Amma ba a matse kaya sai an kwance shi. A wannan yanayi, kullen da ya kamata ya tashi daga waya har zuwa shafin banki ba tare da an buɗe ba yana yankewa a tsakiya: a buɗe a kwamfutocin Opera, a sake kullewa, a tura. Kamfanin bai ɓoye cewa haka tsarin yake ba. Abin nufi shi ne duk wanda ya rubuta kalmar sirri a wannan yanayi ya ba wani na uku amana, ko ya sani ko bai sani ba. Ya kamata kuma a san wa aka ba amanar. A Norway aka kafa Opera, amma a 2016 wani rukunin kamfanonin China ya sayi ɓangaren burauzarta a kan dala miliyan 600, kuma daga gidan ne OPay ta fito a Najeriya a 2018. Wannan ba laifi ba ne, amma mai amfani na da haƙƙin sani. Don karanta labarai da duba sakamakon ƙwallo, Opera Mini na nan da amfaninta. Don banki da imel da fom mai ɗauke da NIN, gara a koma wata.

Labarin UC Browser, mallakar Alibaba, ya fi muni. A Mayun 2015 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano tana aika lambobin shaidar waya da na layi da bayanin wurin da mutum yake ba tare da kulle na kirki ba. Indiya ta haramta ta a Yunin 2020 cikin manhajojin China 59. A 2021 kuma wani mai bincike, Gabi Cirlig, ya nuna tana aika adireshin shafukan da aka ziyarta zuwa kwamfutocin kamfanin ko da mutum yana yanayin ɓoye. Burauzar da aka samu da irin wannan sau biyu, shekara shida tsakani, ba ta cancanci zama a wayar da ake harkar kuɗi da ita ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa: manhajar da ba ta karɓi kuɗi ba ta karɓi wani abu.

Haka ya kamata a yi taka-tsantsan da burauzojin da kan zo a liƙe da wayoyi masu araha, waɗanda shafinsu na farko cike yake da talla da labaran jan hankali da sanarwar da ba ta ƙarewa. Ma'aunin mai sauƙi ne. A duba Play Store: wa ya ƙera ta, yaushe aka sabunta ta, kuma wane izini take nema? Burauza ba ta da hurumin ganin lambobin mutanen da ke waya ko saƙonninsa na tes.

Burauzar da ba a san ana cikinta ba

Sau da yawa mutum ba ya ma cikin burauzar da ya zaɓa. Idan ya danna adireshi a Facebook ko Instagram ko TikTok, shafin kan buɗe ne a wata ƙaramar burauza da ke cikin manhajar. A Agustan 2022 wani injiniya, Felix Krause, ya nuna cewa waɗannan manhajoji a iPhone na cusa nasu umarnin cikin shafukan da aka buɗe, kuma na TikTok na iya lura da duk harafin da aka danna. TikTok ya ce don gano matsala da gyara kawai yake amfani da shi. Ko da an yarda da hakan, ƙofar tana nan.

A Yunin 2025 kuma masu bincike a Turai suka bankaɗo yadda manhajojin Meta da Yandex a Android ke karɓar bayanai a asirce daga shafukan da aka buɗe a burauza ta daban, suna haɗa su da asusun mutum, har da wanda ke cikin Incognito. Meta ya dakatar da tsarin da labarin ya fito. Maganin na farkon yana hannun kowa: a danna ɗigo ukun da ke saman allo, a zaɓi buɗewa a burauza, musamman idan za a rubuta kalmar sirri ko lambar kati.

Abin da ya fi suna muhimmanci

A Satumban 2023 aka gano ɓaraka a tsarin da ke buɗe hotuna nau'in WebP. Hoto ɗaya da aka shirya da mugun nufi ya isa a kutsa na'ura, kuma Google ya tabbatar an riga an fara amfani da ɓarakar. Ta shafi Chrome da Firefox da Edge da Brave, har da Tor. Duk sun fitar da gyara cikin 'yan kwanaki, amma gyaran bai isa ga wanda bai sabunta ba.

A nan ne al'adar kashe sabuntawa don tsimin data ke da hatsari, haka ma karɓar manhaja ta Xender daga wayar aboki, domin sau da yawa tsohon zubi ne, wani lokacin ma wanda aka taɓa ne. Akwai kuma wayoyin da kamfani ya daina kulawa da su. Daga Agustan 2025 sabuwar Chrome na buƙatar Android 10 ko sama, kuma tun farkon 2023 ta daina tallafa wa Windows 7, wadda har yanzu ake gani a wasu shagunan buga takardu. Burauzar da ta fi kowacce suna, idan ta shekara ba a sabunta ta ba, ta fi ta tsakiya da ake sabuntawa hatsari.

Sai alamar kwado da ke kusa da adireshi, wadda aka daɗe ana koya wa mutane cewa shaidar aminci ce. Abin da take nufi kawai shi ne hanyar da ke tsakanin waya da shafin a kulle take. Ɗan damfara ma yana iya samun kwadon a shafinsa kyauta. Binciken Google ya nuna kashi 11 cikin 100 ne kawai suka fahimci ma'anarta daidai, shi ya sa aka cire ta daga Chrome a Satumban 2023. Shafin tallafin gwamnati na bogi da ake yaɗawa a WhatsApp, wanda aka buɗe jiya kuma bai shiga jerin gargaɗi ba tukuna, babu burauzar da za ta hana mutum rubuta BVN a cikinsa. Karanta adireshi harafi bayan harafi ne kawai zai hana.

Ga 'yan jarida da masu fallasa almundahana da duk wanda fallasar sawunsa ka iya jefa shi cikin hatsari, akwai Tor. Tana bi da saƙo ta tashoshi uku kafin ya isa, ta yadda babu tashar da ta san mai aikawa da inda aka nufa a lokaci guda, tana kuma sa masu amfani da ita su yi kama da juna. BBC ma ta buɗe shafi na musamman a kanta a 2019. Amma tana da nauyi, wasu shafuka na ƙin ta, kuma wanda ya shiga Facebook da sunansa ta cikinta ya riga ya bayyana kansa.

Mafita

Wasu kan ce ba su da abin ɓoyewa. Amma wanda ya nemi bayani kan rashin haihuwa, ko bashin da ya yi masa katutu, ko maganin wata cuta, ba laifi ya yi ba, kuma ba zai so tallan abin ya riƙa fitowa a wayar da iyalinsa ke ara ba. Mutum ba ya rufe ƙofar ɗakinsa don yana aikata laifi a ciki.

Abin da ya fi dacewa da yawancin masu Android shi ne raba aiki gida biyu. Chrome ko Samsung Internet da ake sabuntawa, an toshe mata kukis na baƙi, a bar ta ga banki da shafukan gwamnati da makaranta. Brave ko Firefox mai uBlock Origin kuma ta ɗauki karatu da bincike na yau da kullum. Wannan ma tsimi ne, domin tallan da aka toshe ba ya cin data. Wanda wayarsa ba ta da wurin biyu, Brave ce ta fi kusa da haɗa ɓangarorin. Mai iPhone ya zauna a Safari ya riƙa sabunta wayar. Mai asusun Google kuma ya shiga sashen bayanai da sirri na asusunsa ya saita goge tarihi duk bayan wata uku.

Amma bai kamata a bar wa mai waya nauyin shi kaɗai ba. Najeriya na da Dokar Kare Bayanai tun Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke aiwatar da ita, kuma tarar dala miliyan 220 da Hukumar FCCPC ta ci Meta a Yulin 2024 ta nuna ana iya tunkarar manyan kamfanoni. Lokaci ya yi da hukumomin biyu za su binciki burauzojin da ke zuwa a liƙe da wayoyin da suka fi yawa a kasuwa: me suke tattarawa, ina suke kai shi, kuma me ya sa wasu ba sa goguwa. Tun Maris ɗin 2024 masu waya a Tarayyar Turai ke ganin allon da ke ba su zaɓin burauza, domin doka ta tilasta hakan. Wanda ya sayi wayarsa a Farm Centre ta Kano ko a kasuwar Maraɗi ya cancanci irin wannan zaɓi, da bayanin abin da ake ɗauka daga wayarsa a harshen da yake ji.